Jarkokin da na raba a Aboabo

Da na fara binciken hawan jini a Kumasi, na ɗauka aikin duk a ɗakin gwaje-gwaje zai ƙare. Na haddace cewa kowace ƙoda tana da 'yan matatai kusan miliyan ɗaya, kuma ƙodojin biyu suna tace ruwa wajen lita 180 a rana, amma abin da ke fita fitsari wajen lita ɗaya da rabi ne kawai. Na karanta yadda Harry Goldblatt, wani likita mai bincike a Amurka, ya matse jijiyar da ke kai jini ƙodar kare a 1934, jinin karen ya hau. Ƙoda ce ke riƙe da linzamin gishiri da ruwa a jiki. In ta gaza fitar da gishiri, jini ya hau, hawan kuma ya dawo ya cinye ta.

Aikin marigayi Farfesa Jacob Plange-Rhule na rage cin gishiri a ƙauyukan Ashanti shi ya ja ni unguwarmu, Aboabo. Tambayar mutum yawan gishirin da yake ci ɓata lokaci ne, domin ba wanda ke lissafa gishirin da ke cikin koobi da momoni (kifayen da ake adanawa da gishiri) da dunƙulen magi. Sai an tara fitsarin awa 24 an auna gishirin da ke ciki.

Na raba jarkoki a Aboabo, yawancinsu suka dawo rabi, wasu ma wayam. Laifina ne. Na yi ta zuba bayani da Turanci, na manta a ina na tashi. Wata dattijuwa ta ja ni gefe ta ce, "Ɗana, wa ya taɓa miƙa wa baƙo fitsarinsa? Ka san abin da mutane ke tsoro." Na ce, "Gaskiya ne, Hajiya, a gafarce ni."

Na koma ta wurin liman. Mata suka karɓi na mata, aka sa jarkokin cikin baƙar leda don kunya, na kuma yi alkawarin kawo wa kowa sakamakonsa har gida.

Gishirin da Hajiyar nan ke ci ya wuce giram 5 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade a rana, awon jininta kuma ya haura 140 bisa 90, ga shi ko ciwon kai ba ta yi. Na zauna a tabarmarta muka bi tukunyar miya ɗaya bayan ɗaya. Ta yarda ta riƙa jiƙa koobi ta zubar da ruwan, ta maida daddawa gurbin magi, ta kuma fara zuwa asibiti karɓar magani. Yanzu duk Juma'a jikarta ce ke kawo mini takardar awonta.