Ni da Kawu a kan akwatin sifika

Laraba, Garwa. Zafi tun da sassafe. An kawo wuta da hantsi, na yi maza na jona kwamfuta.

Tsohuwar sifikar nan mai inci 12 da Yaya ya kawo min ce dai har yanzu. Na zuba lambobin ma'auninta cikin WinISD, manhajar lissafin akwatin sifika, lambobin da injiniya Thiele ya fara fitar da lissafinsu a 1961, injiniya Small ya zo ya faɗaɗa, na zana mata akwati iri biyu.

Bayan azahar sai ga Kawu. Ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Wannan zanen tsutsar fa?"

Na ce, "Kawu, shuɗin layin rufaffen akwati ne, irin AR-1 da Edgar Villchur ya fito da shi a Amurka a 1954. Iskar da aka kulle a ciki ita ke mayar da takardar sifika mazauninta. Jan kuwa mai rami ne da bututu. Ya fi sauka ƙasa wajen kaurin sauti, amma daga nan sai ya rikito, ƙarfin sautin ya ragu da desibel 24 duk sanda mitar sautin, wato yawan kaɗawarsa a daƙiƙa, ta ragu rabi. Rufaffen 12 yake zubarwa."

Ya taɓe baki. "Ɗana, ƙaramin akwati ba ya cika ɗaki. Lokacin da nake aikin silima, akwatunanmu irin na kamfanin Altec ne masu ƙaho, sai ƙarti ke ɗaga su. Amfilifayar 'yar mitsitsiya, amma na kujerar baya yana jin takun doki a ƙirjinsa."

Abin da ya tsaya min a rai ke nan har yanzu da nake rubutun nan. Mutumin da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba ya faɗi ƙa'idar Hofmann da bakinsa: ƙanƙantar akwati, zurfin sauti, ƙarancin cin wuta, biyu kaɗai ake samu a ciki. Villchur ya zaɓi ƙanƙanta da zurfi, ya bar amfilifaya ta sha wahala. Mu da rabin sauraronmu da batir da sola ne, ina muka ga wannan wutar? Akwatin Klipschorn mai ƙaho na 1946 ya fi dacewa da mu, tunda wat ɗaya ma ya ishe shi ya cika falo, sai dai kusurwar ɗaki yake buƙata bango ya ƙarasa masa ƙahon, tamu kusurwar kuwa firjin Inna ne a ciki.

Na tambaye shi ina akwatunan suka shiga da aka rufe silimar. Wai ɗaya an mayar da shi akurkin kaji, sauran bai sani ba. Ba wanda ya auna su, balle ya ajiye zane. Da ina da faɗin bakin ƙahon da tsawonsa, da yau ɗin nan na zuba su a Hornresp, manhajar lissafin ƙahon sifika, mun ga ko ƙirjin Kawu ya yi ƙari. Raina ya ɓaci sosai, ko shayin la'asar ban sha ba.

Da yamma na biya wurin kafinta a Yelwa. Ya ce katako ya ƙara kuɗi. Ban ma tambayi nawa ba.