Maficin Teku: Abin da Kiwonsa Ya Koya Mana

Ƙaramin kamfaninmu yana haɗa tankunan gilashi na ruwan gishiri, yana kuma kiwon murjani a cikinsu, kuma a duk abin da muke kiwo babu wanda ya kai maficin teku neman kulawa. Mai saye yakan ɗauka tsiro ne, alhali tarin ƙananan dabbobi ne da ke zaune a jiki guda, kowace da hannuwa takwas masu gashi-gashi da take cafke abincin da ruwa ya kawo.

Ƙashinsa ba dutse ba ne irin na murjanin da ke gina tsaunukan ƙarƙashin teku. Wani sinadari ne mai kama da ƙaho da ake kira gogonin, shi ya sa yake lanƙwasa ya miƙe ba tare da ya karye ba. Naman da ya lulluɓe shi cike yake da ƙananan tsinkayen alli, don haka idan ka shafa shi sai ka ji kaushi. A nau'in Gorgonia ventalina na Tekun Karebiyan, mai launin shunayya, rassan suna haɗewa su zama raga shimfiɗaɗɗiya da kan wuce mita guda.

Wannan shimfiɗar ita ce sirrin aikinmu, domin a teku maficin yana girma ne yana fuskantar kwararar ruwa, yadda ruwan zai ratsa ta ramukan ragar. A farkon sana'ata na dasa wani ya ba kwararar ruwan gefensa, saboda ya fi kyan gani daga gaban gilashi. Dabbobin suka ƙi buɗewa, gansakuka ta kama rassan, naman ya riƙa saɓulewa har baƙin ƙashi ya bayyana. Tun daga nan, sai na daidaita famfon da ke tura ruwa a tankin kafin in zaɓi wurin dashe.

Yawaita shi kuwa aikin almakashi ne: mu yanke reshe, mu kankare naman gindinsa kamar santimita ɗaya, mu cusa ƙashin a ramin dutse da gam. Idan aka binne nama a cikin gam, ruɓewa yake yi.

Na fi ba sabon shiga nau'o'in Karebiyan, domin akwai ƙwayoyin gansakuka a cikin namansu masu samar musu abinci daga haske. Jajaye da rawaye na Tekun Fasifik sun fi ɗaukar ido, amma da yawansu ba su da waɗannan ƙwayoyi, sai an ciyar da su kullum, kuma ba na sayar da su ga wanda na ga alamar zai yi sakaci.