Nerrikawa: Yadda Na Tsara Mutanen Wata Duniya Don Ƙagaggen Labarin Kimiyya

Yawancin masu son rubuta labarin mutanen wata duniya daga fuska suke farawa: koriyar fata, ƙaho biyu, idanu dara-dara. Ni daga tauraro na fara, kuma ban zana fuskar Nerrikawa ba sai da na gama lissafin ƙasarsu da iskarsu. Kowace gaɓa a jikin mai rai akwai abin da ya tilasta ta, akwai kuma abin da take ci wa mai ita. Idan marubuci ya bi wannan jeri, tauraro, ƙasa, jiki, sannan al'ada, rabin aikin da kansa yake yin kansa.

Kusan kashi uku cikin huɗu na taurarin gungun da ranarmu ke ciki ƙanana ne, jajaye, ba su kai rana zafi ba. Proxima Centauri, tauraron da ya fi kusa da rana, irinsu ne, kuma a 2016 aka sanar da gano wata duniya da ke kewaya shi cikin kwana 11. A 2017 aka sanar da duniyoyi bakwai a kewayen wani tauraro irinsu mai suna TRAPPIST-1. Irin wannan tauraro na ɗauka, na ba duniyata kwana 12 ta gama zagaye ɗaya. Tunda tauraron ba shi da zafi sosai, dole duniya ta matsa kusa da shi kafin ruwa ya zauna a kanta, kuma duniyar da ta matsa haka takan kafe da fuska ɗaya tana kallonsa, yadda wata ke nuna mana fuska ɗaya kullum. Gefe ɗaya rana ce da ba ta faɗuwa, ɗayan dare ne da ba ya wayewa. Rayuwa tana a siririn yankin da ke tsakani, inda tauraron ke tsaye ƙasa-ƙasa a wuri ɗaya tun kaka da kakanni.

Sai ƙarfin da ƙasa ke jan jiki da shi. Lissafin mai sauƙi ne: ka raba nauyin duniyar da faɗinta sau faɗinta, duka biyun a ma'aunin tamu. Na ba ta faɗi 1.2 da nauyi 1.9. Faɗi sau faɗi ya ba da 1.44, aka raba 1.9 da shi aka sami kusan 1.3. Wato mutum mai kilo 70 zai ji kansa kamar mai kilo 91 idan ya sauka can. Wannan lamba guda ita ta yanke tsawon Nerrikawa. Tun 1638 masanin kimiyya Galileo ya bayyana cewa idan ka ninka tsawon dabba sau biyu ba tare da sauya sigarta ba, nauyinta zai ninku sau takwas, kaurin ƙashin da ke ɗauke da ita kuwa sau huɗu kawai. Don haka dogon ƙato mai mita uku da siraran ƙafafu a duniya mai nauyi, a takun farko zai karye. Nawa na tsayar da su a mita 1.3, masu faɗin ƙirji, gajeren wuya, da tafin ƙafa mai shimfiɗa. Gajeren wuyan ma da dalili: raƙumin dawa sai da bugun jini kusan ninki biyu na ɗan Adam yake kai jini ga kansa, to ina ga inda ƙasa ke ja da ƙarfi. Faɗuwa daga mita 3 a can daidai take da faɗuwa daga kusan mita 4 a nan, saboda haka ba sa gina bene, kuma tsoron tudu a jininsu yake.

Tambayar da ya kamata marubuci ya amsa wa kansa ita ce, don me za su yi kama da mutum tun farko? Amsata ita ce abu uku ne kawai nake buƙata: hannayen da ba a tafiya da su don su riƙe kayan aiki, idanu a sama kusa da ƙwaƙwalwa don saƙo ya isa da sauri, da wuta. Ba a ƙira a cikin ruwa, kuma wuta ba ta ci da kyau idan oksijin ya sauka ƙasa da kusan kashi 16 cikin ɗari na iska. Tamu tana da kashi 21, na bar tasu kusa da haka. Bayan waɗannan uku, ba abin da ya wajabta musu hancinmu ko yatsunmu biyar.

A irin wannan duniya, iska mai sanyi daga gefen dare tana kwararowa ƙasa-ƙasa zuwa gefen zafi ba tsayawa, ɗauke da ƙura. Don sanin jikin da ke jure wannan, ban ga abin nazari da ya kai raƙumi ba, kuma duk wanda ke Sakkwato ba ya buƙatar littafi, ya je kasuwar Kara ya tsaya ya duba da kyau. Hancinsa na rufewa, yana da gashin ido mai kauri da wata fata shara-shara da ke share ƙwayar ido, kuma zafin jikinsa na iya hawa daga digiri 34 zuwa kusan 41 kafin ya fara zufa sosai, abin da ke rage masa asarar ruwa. Na ɗauki rufewar hanci da fatar ido. Tozo ban ɗauka ba, domin da an ga tozo an ga raƙumi mai tafiya da ƙafa biyu, labarin ya zama abin dariya. Ka ari aikin da gaɓa ke yi, ka bar sigarta ga mai ita.

Hasken jan tauraro yawancinsa irin wanda ido ba ya gani ne, fata ce ke jin shi a matsayin ɗumi. Mesa tana da 'yan ramuka a leɓenta da take gane ɗumin abin farauta da su cikin duhu. Na ba Nerrikawa jeri biyu na irin waɗannan ramuka a ƙarƙashin ido. Amfanin wannan ga labari ya fi yadda na zata: suna ganin fushi, kunya da zazzaɓi a fuskar juna, domin jini na hawa fuska ya ɗumama ta. Ƙarya ido da ido tana da wuya ƙwarai a wajensu. Daga nan al'ada ta fito da kanta: ana ciniki da shari'a fuska a buɗe, rufe ramukan a gaban babba rashin kunya ne, mai makoki kaɗai aka yarda ya shafa laka a kansu. Abin da suka biya kuwa shi ne launi. Shuɗi da kore duk duhu ne a idonsu, kuma hasken ranarmu zai kashe musu ido cikin ɗan lokaci.

Shuɗin jini kuwa na ajiye shi gefe, duk da yana burge mai karatu. Akwai shi a duniyarmu: kunama da dodon koɗi suna da jini mai jan ƙarfe a madadin baƙin ƙarfen da ke sa namu ja. Amma ba ya ɗaukar oksijin kamar namu, ƙwaƙwalwa kuwa mai ci ce. A jikin mutum kashi 2 cikin ɗari take na nauyi, amma tana cinye kusan kashi 20 na kuzari. Halitta mai babbar ƙwaƙwalwa, a ƙasa mai nauyi, da raunin jini, kullum a kwance za ta wuni. Jininsu ja ne.

Inda na fi daɗewa shi ne inuwa. A nan, mai tebur a gindin dogon yaro yana jan bencinsa yana bin inuwa daga hantsi zuwa la'asar, kuma ba wanda zai ce tasa ce. A duniyar Nerrikawa tauraro ba ya motsi, don haka inuwar dutse tana nan inda take shekara dubu. Nan take ta zama dukiya. Ana gadonta, ana jinginar da ita, ana kai ƙara a kanta. Wanda ya ɗaga katangarsa da kamu ɗaya ya kashe gonar maƙwabcinsa har abada, saboda haka babban alƙalinsu mai awon inuwa ne, da igiya da sanda. Barci ma a inuwa ake yi tunda dare ba ya zuwa, kuma talaka shi ne wanda ke hayar wurin kwana. Ƙari a kan haka, irin waɗannan taurari sukan yi aman wuta ba zato, hasken da ke ƙona fata ya ƙaru cikin mintuna. Kowane gari yana da masu gadin tauraro da ramukan fakewa, kuma laifin da ya fi kisa muni a wajensu shi ne rufe ƙofar rami a kan mai gudu. Ban zauna na ƙago waɗannan dokoki ɗaya-ɗaya ba; tsayuwar tauraron ce ta haife su.

Hannunsu yatsu huɗu ne, biyu na fuskantar biyu irin ƙafar aku, riƙon da iska ba ta ɓamɓarewa. Yatsu takwas ke nan, don haka ƙirgarsu takwas-takwas ce, babbar lambarsu 64. Shekararsu kwana 12 ce tamu, ta yi gajarta ga ƙirga rayuwa: mai shekara 60 a nan zai zama mai 1,825 a can. Sai na sa suna ƙirgawa da zagaye 64, wato kwana 768, shekara biyu da 'yan kai. A rubuta irin wannan lissafi a takarda ɗaya a manna a bango, in ba haka ba a babi na goma za ka sa Banerrike ya ce a ba shi kwana goma, shi da bai san kwana ba bai san goma ba. Kalmomin jiya, gobe, asuba da magariba duk na cire su daga bakinsu.

Haihuwa matsala ce ga duk mai babban kai da ke tafiya a miƙe, nauyin ƙasa kuma na ƙara ta. Na bi hanyar kangaru, wanda ke haihuwar ɗa mai kusan santimita 2 bayan ciki na wata guda, ya ƙarasa girma a jakar cikin uwa. Na ba mazansu da matansu jakar duka. Zumunci sai ya koma kan wanda ya ɗauke ka, yaro ɗaya na iya wucewa ta jaka uku, kuma waɗanda suka kwanta a jaka ɗaya ba sa auren juna. Ga masu sha'awar saka soyayya tsakanin mutum da baƙon halitta, a yi soyayyar amma a bar maganar ɗa. Doki na da kuromosom (zarurrukan da ke ɗauke da gadon halitta a cikin ƙwayoyin jiki) 64, jaki 62, 'yan'uwa ne na kusa, duk da haka alfadarin da suke haifa ba ya haihuwa. Tuwonmu ma ba lallai ne cikinsu ya san abin yi da shi ba.

Harshe na taƙaita shi ga abin da baki zai iya. Leɓensu mai tauri ne saboda ƙura, don haka babu b, babu m, babu f, babu wasalin da ake tattara leɓe a kansa. Muryar mai kauri ce daga ƙirji don ta ratsa iska. Kafin a tsayar da suna, a gwada shi da jam'in Hausa a faɗa da ƙarfi, domin mai karatu zai yi hakan ko ba ka yi ba. Talgen yana da kyau a takarda, amma da an ce Talgawa kowa talge zai ji. Su Nerrik suke ce wa kansu. Banerrike da Nerrikawa bakin Hausawan cikin labarin ne. Kalmomi ashirin zuwa talatin sun ishi littafi guda.

Akwai ramuka biyu da marubucin Hausa ya fi kowa kusa da faɗawa cikinsu. Na farko, mai karatunmu ya riga ya san wata halitta mai hankali da ba mutum ba. Da na karanta wa wani dattijo shafin farko, abin da ya ce shi ne, "Malam, wanga ai aljani na." Maganin wannan shi ne jiki tun a sakin layi na farko: a ga Banerrike yana haki, yana cire ƙura daga ido, yana ɗingishi saboda tsohuwar karaya. Kada ya ɓace, kada ya ratsa bango, kada ya san gaibu. Maganar addininsu kuwa ban shiga ƙaga musu annabawa ko littafi ba. Na tsaya kan yadda suke binne mamaci da abin da suke rantsuwa da shi, kuma hakan ya wadatar da labarin. Rami na biyu ya fi haɗari: ka ɗauki Buzaye ko Fulani ko wata ƙabila da ka sani, ka sauya musu launin fata ka kira su baƙin halitta. Rawani mai rufe fuska da garken dabbobi kaɗai sun isa a gane wa kake nufi, kuma duk aibin da ka ɗora wa halittar, a kansu zai sauka.

Haka kuma kada su zama masu hali ɗaya. Kafin na fara babi na ɗaya na rubuta mutum uku da ba sa jituwa: mai awon inuwa da ke karɓar na goro, 'yar haya da ke son a raba inuwar duwatsu ga kowa, da maƙerin da ya yi imani cewa a gefen dare akwai ƙarfen da ya fi nasu. Na sa su ukun a ramin fakewa ɗaya lokacin aman tauraro, na rubuta shafi huɗu ba tare da bayani ko ɗaya daga bakin marubuci ba. Duk abin da ke takardar bango wanda bai sami hanyar fitowa a irin wannan fage ba, na bar shi a bangon.

Lissafin nauyin nan ya kuma yanke wa zai je wajen wa. Kumbo na buƙatar gudun kilomita 11.2 a sakan ɗaya kafin ya kuɓuce wa duniyarmu. A tasu, da nauyi 1.9 da faɗi 1.2, sai ya kai kusan 14, kuma man da ake buƙata yana ninkuwa fiye da yadda bambancin ke nunawa. Ga shi kuma mazauna yankin tsakiya ba su cika ganin taurari ba sai sun kutsa cikin sanyin gefen dare. Saboda haka a labarina mu ne muka sauka a kansu, kuma rigimar farko da aka kai gaban alƙali ita ce ta inuwar da kumbonmu ya jefa a kan gonar wani.