Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ƙaurata daga Windows zuwa Mac

A makon jiya na tsaya a inda tsohuwar kwamfutata ta fara mutuwa ana tsakiyar aiki, ni kuma ina ta jan ƙafa wajen yanke shawarar wadda zan saya. Wasu sun tambaye ni me ya sa sayen kwamfuta zai zama abin dogon tunani haka. Mai gani idan ya sauya kwamfuta, idonsa zai yi shawagi a kan allo, kafin a jima ya gano inda komai yake. Ni kuwa allon ba ya gabana. Abin da nake da shi murya ce a kunne da yatsu goma da suka haddace hanya, kuma duk ranar da aka sauya manhajar da ke karanta mini allo, haddar nan ce take zubewa.

Da JAWS, manhajar da ke karanta wa makafi allo da murya, na buɗe kunne a duniyar kwamfuta. Wanda ya assasa ta, Ted Henter, ɗan tseren babur ne a Amurka da ya rasa ganinsa a haɗarin mota a 1978, kuma ta Windows ɗin ta fito a 1995. Da kwafin gwaji na koya, wanda yake magana na minti 40 sannan ya yi shiru, sai ka kashe kwamfutar ka sake kunnawa. Wannan ya koya mini sauri da ajiye aiki a kai a kai. A nan ne kunnena ya saba da muryar Eloquence, wadda nake ƙara wa gudu har masu gani da ke kusa da ni su ce ba sa jin komai sai surutu, alhali ni kowace kalma tana shiga.

Komawata NVDA, wata manhajar karanta allo ta Windows, ba ta ba ni wahala ba, don haka ba zan daɗe a kanta ba. Michael Curran ne ya fara ta a 2006 a Ostareliya, James Teh ya haɗu da shi, dukansu makafi, suka kuma sake ta kyauta. Sun riƙe yawancin hanyoyin da muka saba da su a JAWS: maɓallin Insert shi ne uban tafiya, H tana kai ka kan taken rubutu, Insert da F7 suna jero maka mahaɗan shafi. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne ina iya ɗora ta a filas in sa a aljihu, duk kwamfutar Windows da na samu in soka, ta fara yi mini magana.

To me ya kai ni Mac, kwamfutar kamfanin Apple? Waya ce ta ja ni. Tun 2009, da fitowar iPhone 3GS, manhajar karanta allo ta VoiceOver take cikin wayoyin Apple, kuma na daɗe ina amfani da ita a tafin hannuna. Na san cewa a Mac ma tana nan tun 2005, a gine cikin tsarin kwamfutar, ba sai ka sauko da komai ba. Akwai kuma wani buri da na daɗe da shi a rai: in buɗe sabuwar kwamfuta daga kwalinta in saita ta ni kaɗai. Duk kwamfutocin da na mallaka a baya, wani ne ya zauna ya yi mini saitin farko, ina gefe ina faɗa masa abin da zai rubuta.

Ranar da ta iso, ƙanena yana nan. Ina jin ƙarar ledar da yake ɓarewa, sai ya ce, "Yaya, kawo in saita maka, yanzun nan zan gama." Na ce masa, "A'a, zauna kawai ka yi kallo." Na lalubi gefenta, na ɗaga murfin, na jira har ta gama tashi, sannan na danna Command da F5. Ta yi magana. Da kaina na zaɓi harshe, na nemo sunan intanet ɗin gida a cikin jeri, na rubuta sunana. Da aka zo wurin kalmar sirri sai na ce ya juya baya, ya yi dariya ya juya. Wannan ne karon farko a rayuwata da na mallaki kwamfutar da babu wanda ya san kalmar sirrinta sai ni. Wanda bai taɓa furta sirrinsa da baki don wani ya rubuta masa ba, da wuya ya gane nauyin wannan abu.

Washegari aka fara ainihin aikin. Kibod ɗin Mac ba shi da Insert. Ɗan yatsana na dama ya yi ta zuwa wurin da ya saba yana tarar da wani abu dabam. A madadinsa, VoiceOver tana so ka riƙe Control da Option tare, sannan ka ƙara maɓalli na uku, wani lokaci har da na huɗu. Kwafi da liƙawa ma sun tashi daga Control sun koma Command. Kaina ya gane wannan tun ranar farko, yatsuna ne suka ƙi yarda. Abin da ya taimake ni shi ne Control da Option da K, wanda yake sa kwamfutar ta faɗi aikin duk maɓallin da ka taɓa ba tare da ta aikata shi ba. Da dare, idan gida ya yi tsit, nakan zauna in yi ta dannawa ina saurare.

Amma maɓallai ba su ne babban bambancin ba. Babban bambancin shi ne yadda kowace manhaja take ɗaukar siffar allo. JAWS da NVDA, idan ka buɗe shafin intanet, sukan shimfiɗa maka shi layi bayan layi, ka yi ta danna kibiyar ƙasa daga farko har ƙarshe. VoiceOver kuwa tana ɗaukar allo kamar gida mai ɗakuna, a cikin wani ɗakin ma akwai ƙurya. Za ta ce maka ga tebur, ko ga jerin kayan aiki, sai ta tsaya a bakin ƙofa. Ba za ka ji abin da ke ciki ba sai ka shiga, da Control da Option da Shift da kibiyar ƙasa, idan ka gama kuma ka fito da kibiyar sama. A makonnin farko na sha buɗe akwatin imel in ji kamar babu komai a ciki, ashe ina tsaye ne a waje.

Sannu a hankali na fara ganin hikimar abin. Gefen allon da ke ɗauke da manyan fayiloli masu yawa, dannawa ɗaya ce take tsallake ni daga kansa. Sannan a karon farko na fahimci tsarin da masu gani suke magana a kai: cewa jerin saƙonni yana hagu, saƙon da aka buɗe yana dama, abubuwan dannawa suna sama. Shekara da shekaru ina aiki da kwamfuta ban taɓa riƙe wannan taswira a kaina ba, domin manhajojin da na saba da su ba su buƙaci in riƙe ta ba. Da na ƙara da Control da Option da U, wanda yake jero mini take da mahaɗai da guraben cikewa, sai yawo a intanet ya fara dawo mini da saurinsa.

Murya ma ta ɗauki lokaci. Alex, muryar da Mac ta yi suna da ita, har numfashi take ja kafin doguwar jimla, kuma tana da daɗin sauraro idan littafi kake karantawa. Amma a wurin aiki sauri nake nema, kunnena kuma Eloquence ya sani. Da Apple ya saka ta a cikin tsarinsa a 2022, na kunna ta na zauna ina sauraron wani tsohon saƙo da ba shi da wani muhimmanci, don kawai in ji ta.

Inda na ci karo da bango shi ne wata manhaja da muke cike bayanai da ita a wurin aikina. Waɗanda suka gina ta ba su sa wa maɓallanta suna ba, don haka duk abin da mai karanta allo yake iya cewa shi ne maɓalli, maɓalli, maɓalli. A Windows na riga na haddace su da lissafi, na san na nawa ne yake ajiye aiki, na nawa ne yake gogewa. A Mac jerin ya zo mini ta wata hanya, lissafin ya rushe. Na tambayi abokin aikina wanne ne na ajiyewa, ya ce, "Malam, ai ga shi nan kore, a sama ta dama." Da zuciya ɗaya ya faɗa, amma kore ba ya shiga kunne. Abin da ke ƙona mini rai har yau shi ne gyaran ba shi da wuya: layi ɗaya na rubutu a kan kowane maɓalli ya isa kowace manhajar karanta allo ta faɗi sunansa.

Na so in ɗora Windows a kan Mac ɗin in huta, sai dai tawa tana cikin masu sabon injin Apple da ya fara da M1 a 2020, waɗanda babu Boot Camp a cikinsu, wato manhajar da ke ba da damar ɗora Windows a kan Mac. Don haka na kai tsohuwar kwamfutar gyara, ta dawo kan teburina. Aikin ofis da manyan jadawalin lissafi a can nake yinsu da NVDA, don a nan ne hannuna ya fi gudu. Karatu da imel da rubutun wannan labarin kuma a Mac. A tsakanin makafi akwai masu musu mai zafi kan wacce ta fi, kowa yana kare tasa. Ni dai idan wani ya nemi shawarata, ina fara tambayarsa wane aiki yake yi da kwamfuta kullum, sannan in roƙe shi kada ya rabu da tsohuwar sai hannunsa ya zauna a kan sabuwar.

Dabara ɗaya ta sauƙaƙa mini zama da kwamfuta biyu. NVDA tana yarda ka mayar da Caps Lock ya yi aikin Insert, VoiceOver ma tana yarda ya tsaya a madadin Control da Option. Na saita su duka haka, ɗan yatsana na hagu ya samu wuri ɗaya da yake zuwa ko wace kwamfuta ce a gabana. Control kuma, a duka biyun, shi ne yake sa murya ta yi shiru.

Ana cikin haka wani ɗalibi makaho ya zo mini da kwamfutar da aka ba shi, wadda ba Windows ba ce kuma ba Mac ba, Linux ce a kanta, mai karanta allonta kuma Orca. Ya ce an gaya masa ni ne zan koya masa, alhali ban taɓa sa hannu a kanta ba. Yadda muka kwashe da ni da shi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.