Talata, ranar ganin likitan suga

Tun jiya da magariba NEPA suka ɗauke wuta, da asuba dole na kwashe insulin ɗin daga firij na ƙulle a leda na tura gindin randa inda yashi ke da sanyi. Na tsira wa yarona allura a yatsa, na'urar gwajin suga ta nuna 238. Na san tuwon ɗakin Hajiya ne ya ƙara bayan na sallame shi, ban dai ce komai ba.

Layi yau ba a magana, sai wajen sha ɗaya muka shiga. Wata matashiyar likita muka samu, ba wanda muka saba gani ba, kuma da na ga tana da sakin fuska sai kawai na amayar da abin da shekara biyu kenan yake cina. Na ce likita don Allah alawa da lemon kwalba da nake saya masa ne suka jawo? Don dangin babansa haka suke faɗa, tun ana yi a bayan idona har aka dawo yi a gabana.

Ta ce Maman yaro ki cire wannan a ranki, ciwon suga nau'i na ɗaya, irin na yaronki, ba ruwansa da alawa. Ta juya bayan takarda ta hau zane. Wai akwai wata 'yar tsoka a bayan ƙashin ƙirji, taimos, nan ne barikin da ake horar da sojojin garkuwar jiki masu suna T. Duk wanda aka gwada aka ga jikin mai shi yake son kai wa hari, sai a ba shi umarni ya kashe kansa, a tsanake ba hayaniya, afoftosis suke kiran wannan mutuwar, kuma mafi yawan waɗanda suka shiga barikin ba sa fitowa da rai. Wasu dai kan sulale, to su ma akwai wasu T ɗin masu tsawatarwa da ke riƙe su a waje, ta ce kan waɗannan ne ma Shimon Sakaguchi na Japan da wasu Amurkawa biyu suka ci kyautar Nobel a 2025. A jikin yarona shingen biyu ne suka yi sakaci, waɗanda ya kamata su mutu suka rayu, suka nufi fankiriyas, wata tsoka da ke cikin ciki, suna bin ƙwayoyin beta masu yin insulin ɗaya bayan ɗaya, su huda su da wani sinadari ferforin su zuba musu abin da zai sa su ma su kashe kansu. Wata da watanni ake wannan ɓarna shiru, wani ma shekaru, kafin ƙishirwa da yawan fitsari su bayyana.

Wato lokacin da ya fara fitsarin kwance ina ta yi masa faɗa har da bulala, aikin gama ya riga ya gama. Nan ne fa hawaye ya kufce min, shi kuma gogan yana can yana wasa da awon tsayi.

Ta ce a Amurka tun 2022 an amince da wani magani, teplizumab, da ke lafar da sojojin nan ya jinkirta ciwon kamar shekara biyu, amma ga wanda bai kai ga allura ba tukuna. Ban ma tambayi kuɗinsa ba, mu da tsinken gwaji ke gagara a ƙarshen wata. Ƙanwarsa ce kawai ta faɗo min a rai.

Da daddare na kwashe duka na faɗa wa Hajiya, har da zanen. Ta daɗe tana kallon takardar a juye, ta ce Allah ya sawwaƙe, amma dai a rage masa zaƙi. Wuta ba ta dawo ba har yanzu, ita kuma ƙanwar tasa ruwa kofi biyu ta sha kafin ta kwanta, na ƙirga.