Eh, da gaske ne duwatsu nake wankewa a Jamus

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina gaida kowa, manya da yara. Ni ma lafiya lau, in ban da sanyin Balin, babban birnin Jamus, da ba ya jin kunyar rigar sanyi.

Tun da na tura hoton nan ina tsugune gaban baho da buroshi a hannu ban huta ba. Kawu ya kira, Inna ta aiko da saƙon murya, abokai kuwa sai tsiya, wai ashe duk karatun nan a wankin tsakuwa ya ƙare. To bari in amsa sau ɗaya kowa ya ji. In wuri ya rage zan taɓo maganar azumi a nan da yadda muke samun tuwo, kamar yadda na yi alkawari.

Shagon da nake aiki na masu kiwon kifin teku ne da murjani, wata halittar teku mai ƙashi kamar dutse, a cikin akwatin gilashi. Kada ku tuna tarwada a durom. Wannan ruwan gishiri ne, giram 35 a kowace lita, zafinsa wajen digiri 25, dare da rana. Ginshiƙin abin kuwa dutse ne, dutsen farar ƙasa mai ramuka kamar soso, wanda asalinsa ƙashin murjanin da ya mutu ne. A cikin ramukan nan ƙwayoyin bakteriya ke zama suna cinye amoniyar da kifi ke fitarwa. Masu kiwo na garin nan ne suka yi suna da wannan dabara tun shekarun 1970, har ake ce mata tsarin Balin.

Iri biyu muke samu. Akwai mai rai, wanda aka ciro daga teku aka ɗoro a jirgin sama yana jiƙe. Kafin ya iso wasu halittun da ke jikinsa sun mutu. Ranar da na fara buɗe kwalinsa, wallahi sai da na tuna unguwar majema. Shi wannan ba ya son sabulu, ba ya son bilic, ko ruwan famfo ba a jiƙa shi ciki. A cikin ruwan gishiri ake goge ruɓaɓɓen, a zuba shi a baho da hita da famfon juya ruwa, a rufe a duhu. Ana sauya ruwan ana auna amoniya da naitirait, sinadarai masu guba ga kifi, har su koma sifili. Sati biyu ne, sati huɗu ne, ko fiye, dutsen ne zai faɗa. Ana nan ana ido da baƙin da suka biyo shi: ƙaguwa, tsutsa mai ƙaiƙayi, da wani ɗan jatan lande da ke fasa dodon koɗi da naushi. Shi ya sa ba na taɓa dutse sai da safar hannu.

Na biyun busasshe ne, ko wanda ya daɗe a akwatin wani ya cika da gansakuka. Shi kam ba a tausaya masa. A jiƙa shi kamar mako guda a bilic marar ƙamshi, kashi ɗaya cikin goma na ruwa, a ɗauraye, a sa maganin kashe kulorin, a shanya har warin ya tafi. Shanyar ce matsala. A gida rabin yini ya isa, a nan kuwa watan Disamba ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi, dutse sai ya yi kwana goma yana kallona ina kallonsa. Wasu kan ƙara da tsoma shi a ruwan asid na 'yan mintoci, don ya cinye fatar waje inda fosfet ke maƙalewa, wanda shi ne abincin gansakuka. A waje ake yi, da tabarau, kuma asid ake zubawa a ruwa, ba ruwa a asid ba.

Maigidana, dattijo ne marar yawan magana, abu biyu ya hana ni ranar farko. Na ɗaya, kada bilic ya haɗu da asid, don iskar kulorin ke tashi, tana ƙona huhu. Da ya faɗa sai na tuna yadda ake haɗa Hypo da ruwan wanke masai a banɗaki a rufe wai don ya fi fita. Inna, don Allah a faɗa wa yaran gida su bari. Na biyu, ba a dafa dutse. Mu da muka saba in abu ya yi datti a tafasa shi, wannan ya ba ni mamaki. Ashe akwai wata halitta mai kama da fure, Palythoa, da ke manne wa dutse, tana da dafin da ake kira palitoksin. In aka zuba mata tafasasshen ruwa, dafin ya bi tururi, sai gida guda su kwana a asibiti. An sha ganin haka a Turai da Amurka.

Wani ƙanena ya ce zai kwaso min duwatsu daga bayan gari in sayar. Allah ya saka, amma bar su. Ɗiga wa dutse ruwan khal, in ya yi kumfa to na farar ƙasa ne. Ko hakan bai isa ba, don in akwai jan ƙarfe a jikinsa, kaɗan ya isa ya kashe murjanin akwati kaf.

Kuma ko ya dace, ina takardunsa? Nan ne abin ke ƙona min rai. Dutse mai rai yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973, mai kula da cinikin halittun da ake tsoron ƙarewarsu. Sai da izinin fita daga ƙasarsa, da izinin shiga Tarayyar Turai, da nauyinsa a rubuce, kwastan su duba su buga hatimi. Fiji ma, ƙasar tsibirai a tekun Fasifik, ta rufe fitar da shi a ƙarshen 2017, shi ya sa yanzu busasshe da na ƙira suka fi yawa a kasuwa. Fayil ɗin kwali ɗaya na dutse ya kusa kai fayil ɗin takardun zamana kauri. Bambancin kawai, nasa ya fito cikin makonni, ni kuwa wata na biyar ke nan ina jiran a ba ni ranar sabunta izinin zama. Na aika wasiƙa, an amsa min da wasiƙar da ke cewa an ga wasiƙata.

Kawu, na ji kun gina sabon kududdufin siminti. Ku jiƙa shi ku yi ta sauya ruwan kafin a zuba 'ya'yan kifi, sabon siminti yana da kaifi. Masu sayar da iri za su ce ku yi sauri, amma su ba asararsu ba ce.

Azumi a nan lokacin bazara doguwar magana ce, sai wani jiƙon. Tuwo kuwa da semo muke lallaɓawa. Masu shirin aiko min da kilishi su dakata, ba a shigo da nama Turai a jaka, a filin jirgi za a ƙwace. Kuka da yaji dai ina so, a ƙulle su da kyau.