Abin da ƙurar fure ta koya mini game da shaida

A karatun ilimin tsirrai babu aiki mai cin rai kamar ƙirga ƙurar fure, wato garin nan mai laushi da fure ke fitarwa don barbara. Sai an jiƙa ƙasa a asid mai narkar da yashi, a wanke, a tace, sannan a zauna gaban madubin ƙara girma ana tantance ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya har ido ya yi ruwa. Ɓawon ƙurar ba ya ruɓewa da wuri, kuma kowane dangin tsiro da irin zanen nasa.

Darasin Srebrenica, wani gari a gabashin ƙasar Bosniya, shi ne ya nuna mini amfanin wannan wahala. A watan Yulin 1995 sojojin Sabiyawan Bosniya suka kashe maza Musulmi kusan 8,000 a yankin, manya da yara, suka binne su a manyan ramuka. Daga baya suka koma da katafila suka tone manyan ramukan, suka rarraba gawarwakin a wasu wurare don a ce mutanen a fagen yaƙi suka mutu nan da can. Amma duk inda aka kai gawa, da ƙasar ramin farko aka kai ta. Farfesa Tony Brown, wanda a lokacin yake Jami'ar Exeter a Ingila, ya bincika samfurin ƙasa sama da 240 domin kotun Majalisar Ɗinkin Duniya ta laifukan yaƙin tsohuwar Yugoslavia da ke Hague. Ɗaya daga ramukan farko a gonar alkama yake, sai ga ƙurar alkama a ramuka na biyu.

Me ya sa alkama ta zama hujja? Domin ita ke yi wa kanta barbara, ƙurarta ba ta nisa da gona. Ta bishiyar fayin kuwa iska na kai ta uwa duniya, ganinta a kabari ba ya nuna komai. Wato kafin ɗalibi ya yi murnar gane ƙwaya, sai ya san yadda take tafiya. Dole kuma a ɗebi ƙasar kewayen ramin a gwada, in ba haka ba da me za a san baƙuwar ƙasa? Ɗalibai sun fi raina wannan mataki, ni kuwa a ganina shi ne rabin aikin.

Ƙurar ba ta je kotu ita kaɗai ba. An haɗa ta da nau'in laka da duwatsu, da kwanson harsasai, da ƙyallayen da aka ɗaure idon mamatan da su, da hotunan da aka ɗauka daga sama. Da irin waɗannan shaidu, haɗe da bakin waɗanda suka tsira, aka samu Janar Radislav Krstić, ɗaya daga kwamandojin sojojin Sabiyawan Bosniya, da laifi a 2001.